Daga Sifili Zuwa Goma: Rakiyar Surukina Asibitin Indiya

Tun da muka dawo ban huta ba. In na zauna majalisarmu ta wurin mai shayi a nan Tudun Wadan Zariya, tambayar ke nan; in na shiga ɗakin malamai a makarantar da nake koyarwa, ita ce dai. "Malam Nasiru, yaya Indiya? Da gaske shanu ke tare titi? Ka ga masu rawar nan a kan dutse?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na ba da labarin, kafin ya kai Tudun Jukun an ƙara masa gishiri har ni ma ba na gane shi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Shanu na gan su. Rawa ban gani ba. Asibiti na je, kuma surukina na raka.

Baba, mahaifin matata Rabi, tsohon mai sayar da yadi ne a kasuwar Tudun Wada. Dogo ne mai farin gemu, maganarsa a rana ba ta cika cokali ba. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana cin sa, har ta kai daga ɗaki zuwa zaure sai an riƙe shi. Likitoci a nan suka ce gaɓar ta gama cinyewa, sai dai a sa masa ta ƙarfe. 'Yan uwa suka zauna, aka tsayar da shawara a kan Indiya. Sai maganar wanda zai raka shi ta taso. Babban ɗansa soja ne, ba a ba shi hutu ba. Ƙaramin ɗan kuma, fasfo ɗinsa ya ƙi fitowa. Rabi kuwa tana jego. Duk sai idanu suka juyo kaina, wai ni ne mai fasfo kuma mai Turanci.

Na ce to, amma akwai matsala. Shekara da shekaru ina auren 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da Baba ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na je gaisuwa, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi in durƙusa, mu yi "lafiya lau, lafiya lau", in tashi in ba ƙafata iska. Yau ga shi an ce ni da shi kujera ɗaya a jirgi, ɗaki ɗaya a masauki.

Ta Kano muka tashi. Muka ɗauki shatar mota daga Kwangila, Baba a gaba an tura masa kujera baya don ya miƙe ƙafa, ni a baya tare da jakunkuna. Direbanmu mutumin kirki ne mai surutu, a Tashar Yari ya tsaya ya sayo mana fura da nono kwano uku. Baba ya ce ya ƙoshi. Ni ma na ce na ƙoshi, alhali ko karyawa ban yi ba. Direba ya dube mu, ya yi bismilla, ya shanye duka ukun.

A jirgi ma haka. Aka kawo abinci yana ƙamshi, Baba ya ɗaga wa ma'aikaciyar jirgin hannu alamar a'a, ni ma na ɗaga. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa cikinsa na kuka, kowa ya yi kamar ƙarar injin jirgi ce. Da muka sauka Addis Ababa don canjin jirgi, na ce masa zan je in nemo wurin alwala. Na laɓe bayan wani ginshiƙi na danna burodi biyu ba ko ruwa. Da na dawo na tarar da shi zaune a keken guragu yana jan carbi, ga ɓurɓushin biskit a gemunsa. Ban ga komai ba, shi ma bai ga maiƙon bakina ba. Daga ranar muka samu tsari: in abinci ya zo, ni sai alwala ta kama ni.

Shiga Indiya bai yi wuya ba, sai da aka zo kan jakar da Inna, surukata, ta ɗaure mana. Jami'in da ke bincike ya ciro kilishi, ya ce nama ba ya shiga, ya ajiye gefe. Har yau ina jin zafin kilishin nan. Ya buɗe robar daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Na yi ta bayanin cewa kayan miya ne, gumi na karyo min. Daga ƙarshe ya ɗauko goro ɗaya yana juyawa. Na nuna masa ci ake yi. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya yi mana hannu mu wuce da kayanmu. Nan na fara jin dariyar Baba a rayuwata, 'yar gajeriya, ta hanci.

A waje sai ga kekunan haya masu ƙafa uku birjik, irin namu sak, har na ji kamar a unguwar Kongo ta garinmu nake. Ashe can ne mahaifarsu. Washegari na fita sayen ruwa, na tsayar da mai keke na faɗa masa inda za ni, sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ce ya ƙi ke nan, na wuce. Na biyu ma ya kaɗa, na uku ya kaɗa. Ina tafiya a ƙasa ina mitar wulaƙancin mutanen garin, na waiwaya sai na ga duk su ukun suna bina a hankali. Kaɗa kan nan a wurinsu "to, hau mu je" ne.

Masaukinmu wani bene ne kusa da asibitin, cike da masu jinya daga ƙasashe daban-daban, ga ɗakin girki ɗaya na kowa da kowa. A nan na haɗu da Hajiya Bilki, wata dattijuwa 'yar Gusau da ta kawo mijinta aikin ƙoda. Ta fi mu daɗewa, ta zama sarauniyar ɗakin girkin. Larabawa ma sai sun nemi izininta kafin su ɗora tukunya. Da ta ji warin daddawarmu sai da ta yi guɗa. Ita ta cece mu, don abincin garin kayan ƙamshi ne fal amma ba irin yajinmu ba, kuma sukan kwaɓa shinkafa da nono su ci da gishiri. Shayinsu dai na yaba, da citta da madara, kuma da hannu suke cin abinci kamar mu. Hajiya ta riƙa tuƙa mana tuwon shinkafa miyar kuka, in kai wa Baba nasa, in ci nawa a kan matakala.

Aka yi wa Baba aiki, likita ya ce an yi nasara. Amma ya ja min kunne da magana ɗaya. Ya ce aikin rabi ne kawai. Sauran rabin a hannun Baba yake. Dole tun a kwanakin farko ya fara lanƙwasa gwiwar, ya miƙe tsaye, ya taka. In ya bari ta daɗe a miƙe za ta sandare, kuma in ta sandare, tafiya ta gagara ke nan, duk wahalar ta tashi a banza.

A ɗakin da aka kwantar da shi ne na ga abin da na fi son ba ku labari. Nas ɗin da ke kula da shi sunanta Sista Anita, 'yar ƙaramar yarinya baƙa kamar mu, mai saurin tafiya. Duk sanda ta zo auna zafin jiki da hawan jini, sai ta ciro wani kati mai zanen fuskoki a jere, daga mai murmushi har zuwa mai kuka da hawaye, ƙarƙashinsu lambobi. Ta ce min da Turanci, "Tambaye shi, daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne? Sifili babu ciwo, goma shi ne wanda bai taɓa jin irinsa ba."

Na durƙusa gefen gado, kaina a ƙasa. "Baba, wai yaya jikin? Ciwon, daga sifili zuwa goma, wai nawa kake ji?"

"Alhamdu lillahi. Da sauƙi."

"Wai lamba take so, Baba."

Ya karɓi katin ya nisanta shi da idonsa, ya dubi mai kukan nan ya yi tsaki a hankali. Ya ɗora yatsa a kan mai murmushi. "Ga nawa nan."

Na ce mata sifili. Ta dube shi, ta dube ni, ta rubuta. Na ji daɗi har raina, na buga wa Rabi waya na ce Baba ƙarfe ne, ko ciwo ba ya ji.

Haka aka yi ta yi, safe, rana, yamma. Kullum sifili. Akwai maganin da ake ba kowa a kan lokaci, ana ba shi. Amma akwai mai ƙarfi da ake ƙarawa kafin motsa ƙafa, wanda sai lambar mutum ta hau ake bayarwa, shi Baba ba a ba shi, tunda ya ce ba ya jin komai. In mai gasa ƙashi ya zo ya kama ƙafar zai lanƙwasa, sai Baba ya riƙe masa hannu ya ce min, "Ce masa sai gobe, yau barci nake ji." Goben ta zo ya ce jiri. Ina ganin zufa a goshinsa cikin ɗaki mai sanyin na'ura, ina cewa a raina rashin sabo da abincinsu ne. Waɗanda aka yi wa aiki rana ɗaya da shi har sun fara zagaya baranda, Baba ko zama bakin gado bai yi ba.

Sai babbar sistar ɗakin ta aiko kirana. Mace ce mai furfura da tabarau, ba ta da wasa. A bakin ofishinta na ci karo da Sista Anita tana fitowa, idanunta jawur.

Babbar ta ce in zauna. "Kai ne mai fassara. Gaya min gaskiya, nas ɗina tana tambayar mahaifinka ciwo, ko zama take ta cike sifili da kanta?"

Na ce wallahi tana tambaya, ko sau ɗaya ba ta tsallake ba.

Sai ta yi min bayanin da ban taɓa jin irinsa ba. Ta ce a asibitinsu ciwo abin aunawa ne kamar zafin jiki. Shugabannin asibiti suna bibiyar kowane ɗaki: an tambayi kowane majinyaci? In ya ce yana jin ciwo, an ba shi magani? An koma an sake tambaya, lambar ta sauka? Da wannan, tare da wasu abubuwa, ake gane ɗakin da ke kula da mutane da wanda ke ajiye su kawai. Ta ce, "Mutumin da aka yanke wa ƙashi, zuciyarsa na bugu da sauri, ya ƙi motsa ƙafa, sannan a ce sifili kullum? Wannan ba labari mai daɗi ba ne a wurinmu. Ko ba a tambaya, ko ba a ji amsar ba. Masu bibiya sun ce laifin nas ne, suna so in ɗauke ta daga ɗakin nan. Likita kuma ya ce gwiwar ta fara tauri."

Na yi mata sallama na fito. Na koma masauki ɗauko abincin rana, na tarar da Hajiya Bilki tana kaɗa miya. Ta ga fuskata ta ce lafiya? Na kwashe duka na gaya mata. Ta ajiye maburgi.

"Tsaya tukuna, ɗan nan. Wai kai ɗansa ne na cikinsa?"

"A'a, Hajiya. 'Yarsa nake aure."

Ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Innalillahi! Kuma kai ne kake durƙusawa kana tambayarsa ko yana jin zafi? Haba Malam, da iliminka! Dattijo da gemunsa ya buɗi baki ya ce wa mijin 'yarsa wayyo? Ai ko ƙafar aka guntule masa, lafiya lau zai ce maka. Su mutanen gidan da suka haɗo ku, ba wanda ya yi tunani?"

Ba wanda ya yi. An duba fasfo, an duba Turanci, ba a duba surukuta ba. Ni kaina da na iya laɓewa don in ba shi wuri ya ci biskit, ban taɓa kawo wa raina cewa ciwo ma sai na ba shi wuri ba.

Bayan azahar na ajiye masa kwano, na durƙusa. Ban san ta inda zan fara ba, don haka na fara ta kan yarinyar. "Baba, Sista Anita za a cire ta daga ɗakin nan."

"Me ta yi?"

"Wai sun ce ba ta tambayarka ciwo. Sun ce ba yadda za a yi mutum ya sha irin aikin nan ya ce sifili, don haka ita ce ke rubuta ƙarya."

Carbinsa ya tsaya.

"Yanzu a kaina za a ci mutuncin 'yar mutane?"

"Haka suka ce, Baba. Kuma likita ya ce in ba a samu an lanƙwasa gwiwar ba, za ta sandare."

"Ni na ɗauka gaisuwa ce irin tamu, a ce yaya jiki ka ce da sauƙi. Ashe hisabi ake yi mata da ita." Ya ja numfashi. "Je ka kira min ita. In ta shigo, kai ka tsaya daga waje."

Na kira ta, na ja musu ƙofa, na jingina da bango. Ba su da yare ɗaya, ban san yadda za su yi ba. Ba a jima ba ta fito da sauri. Ta tsaya gabana ta ɗaga yatsunta: biyar a hannu ɗaya, huɗu a ɗayan. Tara. Sannan ta ruga ɗakin magani.

Ba zan ɓoye muku ba, kuka na yi a barandar nan, mutane na wucewa suna kallona. Kwana da kwanaki bawan Allahn nan yana kan tara, ni ina gefensa ina ɓare masa lemo ina yi wa 'yarsa albishir. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji wani irin girmansa da haushinsa a lokaci guda.

Daga ranar aka sake tsari. In Sista Anita ta shigo da katinta, ni sai in fita, Baba ya nuna mata da yatsu. Ta ba shi magani, ta ɗan jima ta dawo ta sake tambaya. In ta fito takan nuna min a ɓoye: bakwai, daga baya huɗu, wata rana ya koma shida don an matsa masa motsa jiki. Babbar sista ta ce yanzu ne take ganin lambobin mai rai. Ba a cire Anita ba. Mai gasa ƙashi ya riƙa zuwa bayan magani ya kama jiki, gwiwa ta fara ba da kai kaɗan-kaɗan. An sha fama, don ta riga ta fara tauri, likita ma sai da ya ce saura ƙiris da ta sandare gaba ɗaya. Ranar da Baba ya miƙe da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ya tako har bakin ƙofa, Hajiya Bilki ta dafa mana kaza.

Zaman nan ya sa na yi ta tunanin gida. Na yi jinya a asibitocinmu, na san ana auna jini ana auna zafi, amma ban taɓa jin an tambayi mutum nawa ciwonsa yake ba. In ka yi shiru an ce ka samu sauƙi, in ka yi ihu a ce ka cika raki. Ba na zargin nas-nas ɗinmu, na ga yadda mutum ɗaya ke fama da ɗaki guda cike da gadaje. Amma tambayar nan ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki, kuma mu da muka tashi a kan dauriya mun fi kowa buƙatar a yi mana ita, a kuma san wa za a sa ya yi ta. A gefe guda kuma akwai abin da muka fi su. Can majinyaci zai wuni ba mai leƙo shi, ba kwanon maƙwabta, ba mai cewa Allah ya sa kaffara ne. Da ba don Hajiya Bilki ba, da kewa ta kashe mu.

Ranar sallama Baba ya ciro turmin atamfa daga ƙasan jakarsa ya miƙa wa Sista Anita. Ta haɗa tafin hannuwanta ta ce an hana su karɓar kyauta. Baba ya ce, "Tambaye ta, addu'a fa, ita ma an hana?" Ta yi dariya ta ce a'a. Ya ɗaga hannu ya daɗe yana yi mata, ita da iyayenta, tana tsaye ta sunkuyar da kai ba ta jin ko kalma ɗaya. Ni ma a nan ina gode mata, da babbar sistar da ta ƙi yarda da sifili, da Hajiya Bilki, Allah ya ba maigidanta lafiya.

Dawowa ta yi tsawo, zaman jirgi ya kumbura masa ƙafa. Muka sauka Kano, muka kamo hanyar Zariya, muka iso Tudun Wada da la'asar. Lungun gidan Baba mota ba ta shiga, sai a bakin titi aka tsaya. Can ciki na hango Inna da Rabi da jariri a kafaɗa, da maƙwabta cike da ƙofar gida. Matasan unguwa suka taso za su ɗauke shi cak kamar yadda aka fito da shi, ya ɗaga musu hannu su dakata. Na zagayo na buɗe masa ƙofa, na miƙa masa sandarsa, na ja da baya zan ba shi wuri.

"Nasiru."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na matso na sunkuya.

Ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni. "Shida ne. Amma da ƙafata zan shiga. Matso da kafaɗarka."

Na matso. Ya ɗora hannunsa, ya sakar min nauyinsa, muka shiga lungun a hankali.